Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar alƙaluma, da yadda ake gyara su

Idan miji da mata duk jininsu AS ne, likita zai gaya musu cewa yiwuwar su haifi mai sikila ɗaya ce cikin huɗu. Maganar daidai take, amma mutane da yawa a karkace suke jin ta. Wasu sukan ɗauka cewa da zarar an samu mai sikila guda, to ukun da za su biyo baya sun tsira. Wasu kuma su ce tunda an haifi uku lafiya lau, na huɗun shi zai ɗauko. Duka biyun kuskure ne. Kowane ciki da nasa lissafin: uba ya ba da A ko S, uwa ma haka, kuma cikin da ya wuce ba shi da ta cewa a kan na yanzu. Shi ya sa wani gidan zai haifi huɗu babu mai SS ko ɗaya, abin da yiwuwarsa ta kai 81 cikin 256, wani gidan kuma a samu biyu a jere. Gyaran mai sauƙi ne: duk inda ka ji "ɗaya cikin huɗu", ka ƙara da "a kowane ciki". Tunda jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, ya kamata masu ba da sakamakon su riƙa faɗar kalmomin nan uku da bakinsu.

Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wato a ɗauki abubuwa biyu masu alaƙa tamkar ba ruwan ɗaya da ɗaya. Wannan ya taɓa kai wata uwa kurkuku a Ingila. Sally Clark lauya ce da 'ya'yanta biyu maza suka rasu suna jarirai, ɗaya a 1996, ɗaya a 1998. A shari'ar da aka yi mata a 1999 bisa zargin kashe su, wani babban likitan yara, Roy Meadow, ya ce a gida irin nasu yiwuwar jariri ya mutu farat ɗaya ba tare da sanadin da aka gano ba ɗaya ce cikin 8,543. Sai ya ninka 8,543 sau 8,543, ya ce faruwar haka sau biyu ɗaya ce cikin miliyan 73. Ninkawar nan ba ta halatta sai idan mutuwar farko ba ta da alaƙa da ta biyu, alhali yaran uwa ɗaya uba ɗaya ne, gado ɗaya, ɗaki ɗaya.

Kuskure na biyu da ke cikin shari'ar ya fi ban tsoro. Ko da adadin gaskiya ne, ba yana nufin yiwuwar matar ba ta da laifi ɗaya ce cikin miliyan 73 ba. Uwa ta kashe jariranta biyu, shi ma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ya dace shi ne a auna abubuwan biyu, wato mutuwar farat ɗaya sau biyu da kisa sau biyu, a ga wanne ya fi kusa. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito ta soki lissafin a 2001. An saki Sally Clark a 2003, bayan an gano cewa akwai sakamakon gwaji da ba a nuna wa kotu ba, wanda ya nuna ƙwayar cuta a jikin ɗan na biyu. Ta rasu a 2007.

Irin wannan ruɗun ne ke kama mutum da takardar gwajin asibiti a hannu. Mu ƙaddara gari mai mutum 10,000, 100 daga ciki na ɗauke da wata cuta. Gwajin kuma yana dacewa sau 99 cikin 100. Zai kama 99 cikin marasa lafiyar, amma cikin lafiyayyu 9,900 ma zai nuna 99 bisa kuskure. Ke nan cikin mutum 198 da aka ce suna da cutar, rabi ƙalau suke. Dalilin da ya sa ake maimaita gwaji kafin a yanke hukunci ke nan. Ni a ganina babu dabarar da ta fi wannan amfani: ka bar batun kashi kaza cikin ɗari, ka ƙirga mutane ɗaya bayan ɗaya.

Sai yarda da yawan adadi. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa takardu yawanci daga jerin masu tarho da mota ta samo su, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya wadatuwa da saman buhu, sai ya ga na tsakiya da na ƙasa. Ƙuri'ar jin ra'ayi a Facebook saman buhu ce, komai yawan masu dannawa.

Haka shaidar "na sha na warke". Mura kan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, don haka duk abin da aka sha a rana ta biyar shi zai samu yabo, kuma wanda ya sha bai warke ba ba ya zuwa ba da shaida. Tambayar da za a yi ita ce: waɗanda ba su sha ba, yaya suka ƙare? A 1948 likitocin Birtaniya sun wallafa gwajin maganin streptomycin kan tarin fuka, inda ƙuri'a ta raba marasa lafiya gida biyu, wasu magani da hutu, wasu hutu kaɗai. Da aka kwatanta, waɗanda suka mutu cikin wata shida sun fi yawa a ɓangaren da bai samu maganin ba.