Buɗa Ganɗar Yaro Mai Minshari: Wa Ya Dace da Aikin, da Yadda Ake Juya Makulli a Gida

Yaron da ke minshari kusan kowane dare, baki a buɗe, yana birgima a kan tabarma, ya kuma tashi makarantar allo a gajiye, ba nauyin barci gare shi ba kamar yadda ake faɗa a gida. Iska ce ba ta samun hanya sosai. Matsalar kan kasance a maƙogwaro, ko a hanci, ko kuma ƙashin muƙamuƙin sama ne ya tsuke. Wannan na ukun shi ne likitan daidaita haƙora ke gyarawa da ƙarfen buɗa ganɗa.

Ganɗa, wato rufin baki, ita ce kuma daɓen hanci. Ƙasusuwa biyu ne, dama da hagu, da suka haɗu a tsakiya, kuma a jikin yaro mahaɗar ba ta gama ƙullewa ba. In aka tura su a hankali sai su rabu kaɗan, sabon ƙashi ya cike gurbin, ƙasan hanci ya ƙara faɗi. Emerson Angell ya bayyana wannan dabara a Amurka tun 1860, Andrew Haas kuma ya farfaɗo da ita a 1961. Aikin ya fi kyau daga shekara 7 zuwa wajen 12, bayan turamen dindindin na farko sun fito, waɗanda kan ɓullo a shekara 6. Da balaga ta yi nisa mahaɗar kan sarƙe, ƙarfen sai ya riƙa kwantar da haƙora maimakon ya buɗa ƙashi.

Kafin a kama hanyar asibiti

Ku ɗauki bidiyon yaron da waya yana barci, na minti biyu ko uku, a darare daban-daban, ƙirjinsa a buɗe. Likita yana son ya ga ko numfashin na tsayawa sannan ya dawo da shaƙuwa, ko ƙirji na lotsawa, ko yana banƙare wuya don ya samu iska. Ku gaya masa in akwai fitsarin kwance bayan yaro ya girma, gumi da dare, ciwon kai da safe, ko rashin natsuwa a aji. In mai sikila ne ku faɗa tun farko, domin ƙarancin iska cikin dare ya fi yi musu illa.

Sai ku duba bakin da tocila. Ya cije haƙoransa, ku ɗaga kumatunsa. Turamen sama ya kamata su rufe na ƙasa ta waje kamar murfi a kan kwano. In na sama sun faɗa ciki, gefe ɗaya ko duka biyu, ganɗar kuma ta yi zurfi ta tsuke, haƙoran gaba na hawan juna, to akwai dalilin ganin likitan haƙori.

Amma a fara da likitan kunne, hanci da maƙogwaro. A yawancin yara, abin da ke toshe numfashin barci shi ne kumburin tonsil, wato tsokoki biyun da ke gefen maƙogwaro, da tsokar bayan hanci, kuma cire su a asibiti shi ne magani na farko. Toshewar hanci daga ƙurar hunturu da hayaƙin itace ita ma tana da nata magani. Buɗa ganɗa na rage wa iska wahala a hanci, wasu yaran ma numfashinsu na barci yana gyaruwa, sai dai ba a sa wa yaron da muƙamuƙinsa yake daidai don minshari kawai. Wanda ya ce muku ƙarfen shi kaɗai zai warkar da komai, ku nemi bakin wani likitan. Cire belu wurin wanzami kuwa ba ya buɗa wannan hanya, ga haɗarin zubar jini da shigar cuta. Muna roƙon iyaye su bar shi. Daga ƙaramin asibitin garinku, ko Rano ne ko Ringim ko Gumel, ku karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da sashen haƙori da na maƙogwaro a wuri guda.

Yadda ake sa ƙarfen

Da farko a cike duk haƙorin da ya rube, a wanke dasashi, don ba a ɗaura zobe a kan ruɓaɓɓen turmi. Akan saƙala 'yan robobi tsakanin turame na wasu kwanaki don a samu sarari, a ɗauki siffar baki, a haɗa ƙarfen, sannan a manne shi da siminti na haƙori. Wanda aka fi sani ana kiransa Hyrax: zobba a kan turame, sanduna, da sukuru a tsakiyar ganɗa mai ramuka da 'yar kibiya da ke nuna inda ake turawa. Da ɗan makulli ake juya sukurun a gida, kuma a yawancinsu juyi ɗaya yana buɗa kwata na milimita. Juyi 28 ke nan milimita 7: sati huɗu in sau ɗaya ne a rana, sati biyu in sau biyu ne. Likita ne ke yanke adadin, kuma yakan zarce kaɗan da gangan saboda ƙashi yana ɗan komawa baya. Kada ku bar ɗakinsa sai wanda zai riƙa juyin a gida, uwa ko uba ko yaya, ya yi na farko da hannunsa a gabansa.

Juyin kansa

Mutum ɗaya ya ɗauki aikin, a lokaci ɗaya kullum. In sau ɗaya ne a rana, bayan sallar isha'i ya fi, don matsin ya wuce cikin barci. A wanke hannu da sabulu. Yaro ya kwanta rigingine, a sa filo a ƙarƙashin kafaɗunsa kansa ya ɗan koma baya, wani ya haska tocila. In makullin ɗan siririn ƙarfe ne marar mariƙi, a ɗaura masa zare mai ƙarfi a zarga a wuyan hannu, domin yana iya suɓucewa ya faɗa maƙogwaro.

A zura makullin cikin ramin da ke gaba har ya shige sosai. A tura shi zuwa baya, wajen maƙogwaro, a hankali ba da fizga ba, har sabon rami ya bayyana sarai a gaba. Nan ne aka fi yin kuskure: wurin cirewa sai a jawo makullin gaba, juyin ya warware ba a sani ba. A zare shi ƙasa, wajen harshe, yana nan a bayan. In washegari ba ku ga rami ba, juyin jiya ne bai cika ba. Ku nemo ramin da ke baya ku ƙarasa shi, kada ku ƙirga shi sabo. Kowane juyi a ja masa layi a takarda da kwanan wata, a tafi da ita asibiti. Ranar da aka manta ta wuce, ba a ramawa da biyu. Da adadin ya cika a tsaya, ko da ranar komawa ba ta zo ba.

Yaro zai ji matsi a karan hanci da kumatu na 'yan mintuna. Yawu zai yi yawa, magana ta ɗan canza na kwanaki. In ya dame shi, farasitamol daidai nauyinsa ya isa. Cikin sati ɗaya zuwa kwana goma za ku ga wushirya ta buɗe tsakanin haƙoran gaba na sama. Kada hankalinku ya tashi, ita ce shaidar ƙashin ya rabu, kuma takan rufe da kanta cikin makonni bayan an daina juyi.

Abinci da tsafta

Kwanakin farko a ba shi kunu, koko, fura da nono, fate, alala da tuwo mai laushi. Rake, goruba, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, kilishi, cingam da alewa mai danƙo sai bayan an cire, domin su ke ɓalle zobe. Tuwo da zaren nama suna maƙalewa tsakanin sukuru da ganɗa inda asuwaki ba ya kaiwa. A samu sirinji marar allura a riƙa fesa ruwa mai tsafta a wurin bayan kowane abinci, a goge da buroshi da makilin safe da dare, a kuskure da ruwan ɗumi kofi ɗaya mai rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Lokacin da za a dakata a kira likita

In an kwana goma ana juyi babu wushirya, ciwo kuma na ƙaruwa, mai yiwuwa mahaɗar ba ta buɗe ba, haƙora ne ke kwantawa waje, dasashi na iya zamewa daga kansu. In zobe ɗaya ya saki, ci gaba da juyi zai tura gefe ɗaya kaɗai. Haka in ƙarfe ya nutse cikin naman ganɗa, ko aka ga kumburi, wari, ƙuraje, ko haɓo mai maimaituwa. A duk waɗannan a ajiye makulli. Kada a kai wa maƙeri ko mai gyaran waya ya lanƙwasa. Ku karɓi lambar asibitin tun ranar farko, hoton baki ta WhatsApp yakan rage muku tafiyar banza.

Bayan juyi na ƙarshe likita zai kulle sukurun, ƙarfen ya zauna wata 3 zuwa 6 har sabon ƙashi ya yi ƙwari. Nan iyaye da yawa ke sakaci, sun ga baki ya buɗe sai su nemi a cire, ko damina ta zo aikin gona ya hana komawa. Cirewa da wuri na mayar da ganɗa kusan inda ta fito. Tun kafin a fara ku lissafa kuɗin mota na zuwa biyar ko shida, ku kuma zaɓi lokacin da ba shuka ba girbi. In tsotson yatsa bai tsaya ba, ko hanci na nan a toshe, tsukewar na iya dawowa.

Wata uku bayan an gama, ku sake ɗaukar bidiyon barcin ku kai wa likitan maƙogwaron da ya fara ganinsa. Raguwar ƙarar minshari ba ta nufin numfashi ya daina tsayawa. Inda ake gwajin barci da na'ura, tsayawa ko raguwar numfashi fiye da sau ɗaya a awa ga yaro abin bibiya ne. Shi kuwa baban yaron da minsharinsa ke tashin gida, ƙashinsa ya riga ya ƙulle: buɗa tasa ganɗar sai da sukurori a cikin ƙashi ko tiyata, kuma yawancin manya da rage ƙiba, na'urar hura iska da dare, ko robar da ke turo muƙamuƙin ƙasa gaba ake fara musu.