Yadda Ake Ɗora Mota a Kan Matokaran Ƙarfe Kafin a Shiga Ƙarƙashinta

A unguwanni da yawa na Katsina, ranar da babu aiki za ka ga magidanci ya fito da motarsa ƙofar gida domin ya yi mata juyen baƙin mai, ko ya canza mata takalman birki, ko ya leƙa ya ga inda wani mai yake ɗiga. Wannan abu ne mai kyau, domin yana rage kashe kuɗi, yana kuma sa mutum ya san motarsa. Abin da yake tayar mini da hankali shi ne yadda ake ɗaga motar. Sau da yawa ƙaramin jak ɗin da ya zo da ita a but kaɗai ake kafawa, ko a jera bulo biyu a ƙarƙashinta, sannan mutum ya kwanta ya tura kansa da ƙirjinsa ciki. Mota kamar Corolla ta haura kilo 1,200, Hilux kuwa tana kusan tan 2, kuma babu ƙirjin da zai iya ɗaukar ko da rubu'in wannan nauyi.

Aikin jak shi ne ɗagawa kawai. Mai kama da almakashi wanda yake zuwa da mota an yi shi ne domin canza taya a gefen hanya, gindinsa ɗan siriri ne, kuma turi kaɗan yana kifar da shi. Jak mai aiki da mai kuwa, ko mai siffar kwalba ne ko mai tayoyi, dukan ƙarfinsa yana rataye ne a kan 'yan robobin da suke tare man a ciki. Idan roba ɗaya ta gaji, motar tana iya sauka a hankali ba tare da ka lura ba, tana kuma iya sauka gaba ɗaya. Riƙe mota a sama aikin matokarin ƙarfe ne, wato ƙarfen nan mai ƙafa uku ko huɗu da sanda a tsakiya, wadda ake ɗagawa a kulle ta da haƙori ko da ƙusa mai kauri. Babu mai a cikinsa, babu roba, saboda haka babu abin da zai tsiyaye.

Ka sayi matokarai biyu iri ɗaya, ka kuma karanta nauyin da aka rubuta a jikinsu. A mafi yawan waɗanda ake sayarwa, adadin da aka rubuta na biyun ne a haɗe, wato idan ka ga tan 3, kowane ɗaya tan ɗaya da rabi zai ɗauka. Masu tan 2 sun ishi ƙaramar mota, amma ni na fi son mutum ya ɗauki masu tan 3, saboda gindinsu ya fi faɗi, kuma faɗin gindi shi ne yake hana kifewa. Kafin ka biya kuɗi ka duba waldar kowace ƙafa, ka ɗaga sandar ka sake ta domin ka ji ko haƙorin yana shiga gurbinsa har ƙarshe. Kada ka raina wannan dubawa don kayan sabo ne, domin a shekarar 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai fiye da miliyan ɗaya da rabi daga kasuwa, saboda haƙorinsu yana iya zamewa alhali mota tana kai. Idan ka sami mai haƙori da ƙusa duka biyu, shi ya fi. Wanda mai walda ya haɗa da guntayen bututu kuwa, babu wanda ya gwada nauyin da zai iya ɗauka, don haka ban ba da shawarar a kwanta a ƙarƙashinsa ba.

Batun bulo yana bukatar a tsaya a kansa, domin shi ne al'adar da ta fi yawa a wurinmu. Bulon siminti ciki ne da shi, kuma an yi shi ne ya ɗauki nauyin da ya bazu a dukan samansa a cikin gini. Idan ƙarfen mota ya danna shi a wuri guda, ba ya lanƙwasa, ba ya yin ƙara, sai dai ya dagargaje nan take. Duk wanda ya taɓa yin gini ya san irin bulon da yashi ya fi siminti yawa a cikinsa, wanda ake iya gutsura da hannu. Tubalin ƙasa, da dutse, da tsofaffin rim da aka ɗora wani kan wani, duk hukuncinsu ɗaya.

Daga nan sai wurin da za a yi aikin, kuma a ƙasar Katsina da Daura nan ne matsalar ta fi yawa, saboda ƙasarmu rairayi ce. Ƙafar matokari siririya ce, idan nauyi ya hau ta a kan yashi sai ɗaya ta nitse fiye da sauran, matokarin ya karkata, motar ta bi shi. Na taɓa ganin haka a ƙofar wani gida da damina: da hantsi motar tana tsaye daidai, kafin azahar ta jingina gefe guda, Allah ya taimaka mai ita ya shiga gida a lokacin. Mafi kyawun wuri shi ne daɓen siminti mai kauri wanda yake shimfiɗe daidai, ba irin gangaren da ake yi a bakin get domin ruwa ya wuce ba. Kwalta ma ba abin dogaro ba ce a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40, domin tana laushi ƙafar ƙarfe ta huda ta. Idan babu makawa sai a kan ƙasa, ka nemi inda ta yi tauri, ka share yashin sama, ka shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin kowane matokari da kuma ƙarƙashin jak, yadda dukan ƙafafun za su zauna a kansa da sauran wuri. Idan an yi ruwa ƙasa ta jiƙe, ka ɗaga aikin zuwa wata rana.

Bayan ka daidaita motar, ka kashe inji, ka cire makulli, ka ja birkin hannu har ƙarshe. Idan mai canza giya da kanta ce ka sa ta a P, idan ta hannu ce ka sa ta a giya ta ɗaya. Sai ka sa waigi, wato abin da ake tokare taya da shi don kada ta gangara, gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa, kamar yadda yaran manyan motoci suke yi a tasha. Dalilin waigi yana da muhimmanci a fahimce shi. A yawancin motoci birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, don haka da zarar ka ɗaga baya ya daina amfani. A mota irin Hilux, wadda tayoyin baya suke tura ta, giya da birkin hannu duk a baya suke aiki, ma'ana idan baya ya bar ƙasa babu abin da ya riƙe tayoyin gaba sai waigin da ka sa. Idan aikin zai kai ga cire taya, ka sassauta notinanta kaɗan tun tana ƙasa, domin kokawa da noti mai tauri bayan mota ta hau sama yana girgiza ta.

Yanzu sai neman inda jak zai kama da inda matokari zai zauna, kuma wurare biyu ne daban, tun da ba za su iya zama a gurbi ɗaya a lokaci ɗaya ba. Littafin jagoran da yake zuwa da mota yana nuna su da zane. Yawancin motocin Kwatano da muke saye sun rabu da littafinsu, amma ana samun na kusan kowace ƙira a intanet, kuma ya cancanci a nema. A ƙananan motoci irin Corolla, Camry da Accord, idan ka sunkuya ka dubi ƙasan ƙofofi za ka ga wani siririn haɗin ƙarfe ya miƙe daga tayar gaba zuwa ta baya. A bayan tayar gaba kaɗan, da gaban tayar baya kaɗan, akwai inda aka yi masa 'yan tsage ko alama, kuma a nan aka ninka ƙarfen domin ya ɗauki nauyi. Nan ne mazaunin matokari. Jak mai tayoyi kuwa sai ya kama ƙaton ƙarfen da yake gicciye a ƙarƙashin inji, ya ɗaga gaban gaba ɗaya, wuraren gefe su zama a sake domin matokarai. A motoci masu shasi daban, irin Hilux da Land Cruiser, matokari yana zama ne a ƙarƙashin dogayen ƙarafan shasin, ko a ƙarƙashin bututun aksul na baya kusa da sifirin.

Akwai wuraren da suke kama da masu ƙarfi alhali ba haka suke ba. Tukunyar baƙin mai da ke ƙasan inji, da tankin mai, da salansa, da ƙasan lagireto, da falankin da ƙafafun fasinja suke takawa, da sandunan sitiyari, babu ɗayansu da aka yi domin ɗaukar mota. Ka kuma duba tsatsa da kyau, musamman a motocin da suka yi shekaru a ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. Ka ƙwanƙwasa wurin da sifana. Idan ya yi ƙarar gwangwani, ko ya fara zubar da ɓarɓashi, ka nemi wani wuri, ko ka kai wa bakanike mai rami.

Ka ɗaga motar sannu a hankali, idonka yana kan inda jak ya kama. Jak mai tayoyi yana gangarowa ciki kaɗan kaɗan yayin da yake ɗagawa, kuma dole ne a bar shi ya yi hakan, domin idan tsakuwa ta tare tayarsa, motar ce za ta jawo kanta ta zame daga kansa. Kada ka ɗaga fiye da yadda aikin yake bukata, saboda matokari ya fi tsayuwa da ƙarfi idan sandarsa ba ta yi tsawo ba. Idan ta kai, ka tura matokaran daga gefe da hannu ɗaya, kanka da kafaɗarka suna waje. Ka ƙirga haƙoran kowanne domin tsayinsu ya zo daidai, ka sa ƙusar kullewa idan akwai. Sai ka sassauta jak kaɗan kaɗan har motar ta taɓa matokaran, ka tsaya, ka zagaya ka tabbatar ƙarfen motar ya zauna a tsakiyar bakin kowanne, sannan ka ƙarasa sauke nauyin. Idan ka ga ƙafa ɗaya ta ɗage daga ƙasa ko da kaurin takarda ne, ka sake ɗagawa ka gyara.

Kafin ka shiga, ka tsaya a gefen motar ka tura ta da hannu biyu da ƙarfi, ta gaba da ta gefe. Mutane da yawa suna jin tsoron yin haka kada ta faɗi, amma idan har za ta faɗi, gara ta faɗi kana tsaye a waje. Motar da ta zauna daidai ba ta motsi sai ɗan abin da tayoyin ƙasa suka ba da. Bayan haka ka mayar da jak ya taɓa ƙarfen motar ba tare da ya karɓe nauyin ba, ka kuma kwantar da tayar da ka cire, ko safaya, a ƙarƙashin gefen da kake aiki, yadda ko wani abu ya kuɓuce za a sami tazarar da za ta hana motar kaiwa ƙasa.

Yayin aiki, kada kowa ya shiga motar ko ya jingina da ita, kuma kada a tayar da inji. A gidajenmu yara ba sa rabuwa da wurin da ake gyara, kuma hannun jak abin wasa ne a idonsu, don haka ka sa wani babba ya janye su, ka cire hannun jak ɗin ka ajiye kusa da kai. Ka sanar da wani a gida cewa kana ƙarƙashin mota, wayarka kuma ta kasance inda hannunka zai kai. Idan wani noti ya ƙi kwancewa, kada ka tattara ƙarfinka ka fizge shi zuwa gefe, domin irin wannan fizga ce take ture mota daga kan matokari. Ka zuba masa man sassauta tsatsa, ka ba shi lokaci, sannan ka ja shi da sifana mai dogon hannu a natse.

Saukewa tana bin sawun ɗagawa ne a juye. Ka fitar da kayan aiki da kwanon baƙin mai da tayar da ka kwantar, ka mayar da taya ka ɗaura notinanta da hannu, ka leƙa ka tabbatar babu yaro ko dabba a ƙarƙashi. Ka ɗaga motar kaɗan har ta rabu da matokaran, ka janye su daga gefe, sannan ka sauke ta a hankali. Idan ta zauna a ƙasa sai ka ƙarasa ɗaure notinan, kana tsallake ɗaya kana kama na ɗaya ɓangaren domin rim ya zauna daidai, kuma waigi shi ne abu na ƙarshe da za ka cire. Matokaran kuma ka kakkaɓe musu yashi, musamman a gurbin haƙori inda ƙurar hunturu take taruwa ta hana shi shiga sosai, ka ajiye su a ɗaki inda ruwan damina ba zai same su ba.