Kwatanta rubutu a Java: kurakuran da masu koyo suka fi yi da gyaransu

Duk wanda ya fara koyon Java, ko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko a gida da kwamfutar aro, ba ya daɗewa bai ci karo da wannan ba. Ya rubuta:

String gari = sc.nextLine();
if (gari == "Zinder") System.out.println("Barka da zuwa");

Ya buga Zinder harafi bayan harafi, babu kuskure ko ɗaya, amma allo bai nuna komai ba. Abin da ya sa wannan ke cin rai shi ne Java ba ta yin ƙorafi. Shirin na tashi lafiya lau, amsar ce kawai ba daidai ba.

Dalilin yana cikin yadda Java ke ajiye rubutu. Lamba irin int tana zaune ne kai tsaye a cikin bariyabul ɗinta, don haka == na kwatanta lambobin da kansu. String kuwa abu ne da aka ƙera daga aji, yana can wani wuri a ma'ajiyar kwamfuta, abin da ke cikin bariyabul adireshinsa ne kawai. Ɗauki takardun jika guda biyu: darajarsu ɗaya, amma kowacce da lambar da aka buga mata. Alamar == lambar takarda take dubawa, equals kuma daraja. Saboda haka gyaran shi ne:

if (gari.equals("Zinder"))

In kana son akasinsa, kada ka sa !=, rubuta !gari.equals("Zinder").

Mai koyo zai ce ai jiya ya gwada == kuma ya yi aiki. Gaskiya ne, kuma nan ne tarkon yake. Idan ka rubuta a = "Zinder" da b = "Zinder" a cikin shirin, Java na ajiye rubutun sau ɗaya a wani rumbu na musamman, ta ba a da b adireshi guda, sai a == b ya ba da true. Har "Zin" + "der" == "Zinder" ma true ne, domin ana haɗe su tun lokacin harhaɗa shirin. Amma rubutun da ya shigo daga Scanner (wato sc na misalin farko, mai karɓar abin da aka buga), ko daga fayil, ko daga rumbun bayanai, ko wanda aka yi da new String, sabon abu ne mai adireshinsa daban. Shi ya sa shiri ke wucewa a gwajin ɗalibi, ya faɗi ranar da mutum na gaske ya zauna yana bugawa. Wasu na jin labarin intern, mai ba da adireshin rubutu na cikin wancan rumbun, sai su riƙa liƙa shi ko'ina don == ya yi aiki. Wannan ba gyara ba ne, wuri ɗaya ka manta da shi matsalar ta dawo. Wanda kuma ya fito daga Python ko C#, inda == ke duba abin da rubutu ya ƙunsa, sai ya sauke wannan al'adar kafin ya shiga Java.

Da ka koma equals, sai null ya tare ka. Idan gari bai riƙe komai ba, gari.equals("Zinder") zai jefo NullPointerException, shirin ya tsaya cak. Juya su: "Zinder".equals(gari) na ba da false cikin natsuwa. In duka biyun na iya zama null, yi amfani da Objects.equals(a, b), wanda ya shigo tun Java 7 a 2011. A lura, null daban yake da rubutu marar komai, wato "". Na biyun da isEmpty ake gane shi, na farkon kuma da gari == null, wanda shi ne wurin da == ya dace.

Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajen equals. ZINDER, kamar yadda ake yawan rubuta shi a takardun gwamnati, bai yi daidai da Zinder ba. Maganinsa equalsIgnoreCase. Ban da kalmar sirri, ita a bar ta da equals.

Sai abin da ido ba ya gani. Mai bugawa ya bar sarari a ƙarshen suna, "Moussa " ya zama haruffa 7 maimakon 6. Ana share shi da trim, ko strip daga Java 11. Amma String ba ya canzawa bayan an ƙera shi, don haka rubuta suna.trim(); shi kaɗai aikin banza ne, sai ka ce suna = suna.trim();. Akwai kuma sararin da ba ya karyewa, mai lamba 160, wanda ke yawan biyo rubutun Faransanci da aka kwafo daga Word ko intanet. Trim da strip duka ba sa taɓa shi, sai an maye shi da replace('\u00A0', ' ') tukuna. Duk lokacin da rubutu biyu suka yi kama amma equals ya ƙi, buga length na kowanne, ka kuma buga su tsakanin alamomi biyu, kamar "|" + suna + "|". Nan take ɓarnar ke bayyana.

A nan Damagaram muna rubutu da Hausa da Faransanci a fayil guda, kuma wannan na kawo nasa. Harafin é na kasuwar Dolé ana iya ajiye shi ta hanya biyu: harafi guda mai lamba 233, ko e da alamar kansa daban mai lamba 769. A allo ba ka bambance su, amma ɗaya tsawonsa 4, ɗaya 5. Kafin kwatantawa, wuce da duka biyun ta Normalizer.normalize(s, Normalizer.Form.NFC). Haruffanmu masu ƙugiya kuwa, ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, haruffa ne masu zaman kansu, Normalizer ba zai mai da ƙ ya zama k ba. Haka ya dace, tunda ƙasa da kasa ba kalma ɗaya ba ce. Idan akwatin bincikenka zai karɓi abin da mutane ke bugawa a waya ba ƙugiya, yi kwafi na biyu da ka maye haruffan da replace, ka kwatanta da shi, asalin kuma ka bar shi yadda yake. Ka tuna da ƴ da ake rubutawa a Nijar da 'y na Najeriya: ƴaƴa da 'ya'ya abu ɗaya ne a wajen mai karatu, a wajen equals a'a.

Wajen jera sunaye, compareTo ake kira, kuma ba 1 ko -1 yake bayarwa kullum ba. "Zinder".compareTo("Agadez") na ba da 25, wato tazarar Z da A. Don haka a duba > 0, < 0 ko == 0, kada a ce == 1. Lambobin haruffa yake bi: Z 90 ce, a kuma 97, sai Zinder ya riga agadez. compareToIgnoreCase na gyara wannan, amma ba ya gyara Ɗ mai lamba 394, wadda za ta jefa duk sunan da ya fara da Ɗan can bayan Z. Jerin ƴan aji da ya bi abacadar Hausa yana buƙatar RuleBasedCollator, inda kai da kanka za ka ce ɗ na bin d, ƙ na bin k. Haka "10" na zuwa kafin "9" muddin rubutu ne, sai an mai da su lamba da Integer.parseInt.

StringBuilder, ajin da ake harhaɗa rubutu da shi, ma na yaudara. Equals ɗinsa adireshi kawai yake dubawa, don haka guda biyu masu rubutu iri ɗaya ba za su yi daidai ba, kuma "Zinder".equals(sb) false ne kullum idan sb StringBuilder ne. Kira sb.toString() tukuna, ko ka rubuta "Zinder".contentEquals(sb).