Darasi: Kare Mafitsara Idan Mabiyiya Ta Manne

Bayan haihuwa, mabiyiya kan faɗo cikin rabin awa. Wani lokaci kuwa sai ta kafe a jikin mahaifa, har ta huda ta, ta kai ga mafitsara. An fi ganin haka ga matar da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, sannan a sabon ciki mabiyiya ta zauna ƙasa, kan tabon ɗinkin. Mafitsara kuwa jingine take da gaban mahaifa, daidai wurin.

Idan hoton ciki ya nuna hakan, akan sa ranar tiyata tsakanin mako na 34 da na 36 na cikin, a babban asibiti mai ajiyar jini da likitan mafitsara. Ba a jan mabiyiyar, domin jini zai ɓalle. Galibi jariri ake cirowa, sannan a cire mahaifa da mabiyiyar a cikinta.

A wajen tiyatar, ana fara sa robar fitsari. Wasu likitoci kan kuma zura siririn bututu cikin hanyoyi biyun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, don hannu ya ji su idan jini ya rufe wurin, kada a ɗaure su ko a yanke. Akan ɗura ruwan gishiri mai shuɗin launi, kamar mililita 200 zuwa 300, cikin mafitsara don iyakarta ta fito. Idan shuɗi ya ɓullo a cikin ciki, to akwai huji, nan take a ɗinke shi hawa biyu da zare mai narkewa.

Bayan ɗinki, robar kan zauna kwana 7 zuwa 14. Tana damun mutum, gaskiya ne, amma ita ke hana mafitsara cika ta yaga ɗinkin. Jakar da fitsarin ke taruwa a ciki ta kasance ƙasa da ƙugu kullum, kada robar ta lanƙwashe ƙarƙashin cinya. A wanke hannu da sabulu kafin a juye, a juye tun ba ta cika ba. Mai jego ta sha ruwa sosai, kada ta rage don gudun cikar jaka.

Idan fitsari ya daina sauka, ko gudajin jini suka toshe robar, ko ga zazzaɓi da ciwon kwiɓi, a koma asibiti a ranar. Haka ma idan zane yana jiƙewa alhali roba na ciki: yoyon fitsari ke nan, kuma ana gyara shi a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina.