Darasi na 6: Aikin Mai Kula da Wurin Gini

A wurin gini kowane mataki yana rufe na bayansa. Ƙasa tana rufe harsashi, kankare yana rufe rodi, fulasta tana rufe bulo. Abin da aka rufe da kuskure ba ya gyaruwa sai da guduma. Saboda haka babban aikin mai kula da wurin gini, wanda ma'aikata ke kira foman, shi ne ya ga kowane abu da idonsa, ya auna shi, ya rubuta shi kafin a binne. Bai zama dole ya fi birkila iya riƙe cokali ba, amma dole ya san lokacin da zai ce "a dakata".

Kafin a sa diga

Kada a fara haƙa sai takardun fili sun cika, an kuma kai zanen gida Hukumar Tsara Birane ta Jihar Katsina ta amince. In ginin bene ne, lissafin rodi da ginshiƙai aikin injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya. Foman ba ya ƙara hawa, ba ya rage rodi, ko da mai gida ne ya ce a yi.

Ka je wurin mai unguwa da dattawan wurin ka tambayi tarihin filin. A cikin birnin Katsina da Daura akwai filaye da dama da a da kududdufai ne, inda aka ɗebi ƙasar gina gidajen unguwa, daga baya aka cike su da shara. Samansu a shafe yake, amma ƙasan bai zauna ba, kuma gidan da aka ɗora a kai yakan tsage tun daga kusurwar taga bayan damina ɗaya ko biyu. Ka tambaya kuma ta ina ruwa ke bi a watan Agusta, don a san tsawon da za a ɗaga daɓen gida sama da titi.

Sai ruwan aiki. In babu rijiya ko famfo kusa, a gina ƙaramin tanki ko a kawo na roba tun ranar farko, a yi ciniki da mai tankar ruwa ko 'yan ga-ruwa.

Awo da harsashi

Ana kafa turaku da katako a kewaye da filin, nesa da ramin harsashi da kamar mita 1, a buga ƙusa a ja igiya. Don kusurwa ta fita daidai, auna mita 3 a kan igiya ɗaya, mita 4 a kan ɗayar. Tsakanin alamomin biyu dole ya zama mita 5. Bayan haka auna ɗakin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta ɓangarori biyu. In awon bai zo ɗaya ba, ɗakin ya karkace, kuma mai tayil da kafinta ne za su sha wahalarsa.

Zurfin rami ya danganta da ƙasa. A gida maras bene akan kai wajen mita 1, amma a jigawa mai yashi sai an ci gaba har an taɓa ƙasa mai ƙarfi. Faɗin kankaren harsashi ninki uku ne na kaurin bango: bulo mai inci 9 yana son inci 27. A fesa maganin gara a ramin kafin a zuba. Idan an zo cike ɗakuna da ƙasa, kada a juye tifa guda a baje. A zuba kaurin inci 6, a jiƙa, a daddaɓe, sannan a ƙara. Daɓen da ke ƙara kamar ganga in an taka shi, nan aka yi ha'inci. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓen, don kada danshi ya hau bango ya riƙa kwaɓe fenti.

Karɓar kaya

Kaya ba sa sauka daga mota sai foman yana tsaye.

Buhun siminti kilo 50 ne. Ka danna shi da hannu. In ka ji dunƙule mai tauri da ba ya murƙushewa, ya sha danshi, a mayar. A sito a jera shi kan katako, kada ya jingina da bango, kada a ɗora fiye da buhu 10 a layi. A fara amfani da wanda ya riga zuwa. Simintin da ya haura wata uku a ajiye ƙarfinsa ya ragu, kada a sa shi a ginshiƙi ko a dakin, wato rufin kankare.

Yashi yana da gwaji mai sauƙi. Zuba shi a kwalba zuwa rabi, ƙara ruwa da ɗan gishiri, girgiza, ajiye awa uku. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta kwanta a samansa. In kaurin lakar ya kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, bai dace da kankare ba, domin laka tana hana siminti kama tsakuwa. Yashin rafi mai kaushi na kankare ne da buga bulo, mai laushi na fulasta.

Bulo shi ne inda aka fi cutar masu gida. Buhu ɗaya bai kamata ya fitar da bulo mai inci 9 fiye da 30 zuwa 35 ba, amma wasu masu bugawa suna wuce haka da nisa, su kuma sayar kafin ya sha ruwa ya ƙosa. Ɗauki ɗaya ka sake shi daga tsawon ƙugu a kan ƙasa mai tauri. In ya tarwatse, ka san sauran. Ka kuma kankare gefensa da ƙusa: mai kyau ba ya zubar da yashi.

Rodi tsawonsa mita 12 ne. A tan ɗaya ana samun wajen 93 na mai milimita 12, wajen 52 na mai 16. Ka ƙirga, ka auna tsawo da kauri, domin akwai wanda ake sayarwa da sunan 12 alhali bai kai ba. Ɗan jan tsatsa ba laifi ba ne. Wanda ke ɓarewa ɓawo-ɓawo, ko wanda ya sha baƙin mai, kankare ba ya kama shi.

Lissafin da ake yi kullum

Bulo 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, wato mita 3.6. Kewayensa mita 14.4. In tsawon bango mita 3 ne, an sami murabba'i 43. Cire 2 na ƙofa da 1.5 na taga, saura 39.5, wato bulo 395. Ƙara 20 saboda fashewa da yanka, ya zama 415. Buhu ɗaya yana ɗora bulo mai inci 9 wajen 50, don haka ɗakin zai ci buhu 8. In birkila ya ɗora bulo 200 da yamma kuma buhu 7 sun fita daga sito, akwai tambaya. In buhu 2 kawai suka fita, tambayar ta fi girma, domin kwaɓin ya yi yashi.

Kwaɓi

Ma'aunin wurin gini shi ne kwanon ɗaukar kankare. Buhu ɗaya kwano 2 ne, baro ɗaya kuma wajen kwano 4. Kwaɓin ginshiƙi da linta (kankaren saman ƙofa da taga) da dakin, in injiniya bai rubuta wani abu dabam ba, shi ne 1:2:4, wato buhu 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Na harsashin ƙaramin gida 1:3:6: buhu 1, yashi kwano 6, tsakuwa kwano 12. Na ɗora bulo 1:6, buhu 1 da yashi kwano 12. A shafe bakin kwano, kada a yi masa tozo. Awo da shebur ba awo ba ne, don shebur ɗin safe da na la'asar ba ɗaya suke ba.

Ruwa kuwa, jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi buhu, ko ƙasa da haka in yashin a jiƙe yake. A nan ne rigima take. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin ɗiba da bajewa. Amma ruwan da ya wuce kima yana ƙafewa ya bar ƙananan ramuka a cikin kankare, ƙarfinsa ya ragu. Ka dunƙula kwaɓin a hannu: ya riƙe jikinsa, kada ya zubo ta tsakanin yatsu. Wanda aka kwaɓa a yi amfani da shi cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. In ya fara daskarewa, ƙara masa ruwa ba ya dawo da shi.

Ranar zuba dakin

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace tsada, kuma aikin foman yana ƙarewa ne tun jajibirinta. Injiniya ya zo ya ga rodi kafin a rufe. Kai ma ka hau da tef da zane a hannu. Tazarar rodi ta yi daidai da abin da aka rubuta? Inda aka haɗa biyu, sun hau juna da tsawon da ya kai ninki 50 na kaurinsu, wato santimita 60 ga mai milimita 12? An sa 'yan guntayen kankare a ƙarƙashi sun ɗaga rodin inci 1 daga katako? Rodin da ya kwanta a kan katako zai fito fili, ya yi tsatsa, ya kumbura ya fasa silin. A baranda mai leƙowa waje, rodin da ke ɗauke da nauyi a sama yake. In ma'aikata suka tattake shi ya koma ƙasa, barandar na iya karyewa ranar da aka cire tokara. A shimfiɗa musu katakon takawa.

Ka sauka ƙasa ka girgiza kowace tokara. Ta tsaya a kan katako, ba a kan yashi ko guntun bulo ba. Mai wuta ya gama sa bututunsa ya toshe bakunansu. Sannan ka ƙirga kaya: murabba'in mita 16 mai kaurin inci 6 yana cin wajen buhu 16. Kada a fara sai duk siminti da yashi da tsakuwa da ruwa suna wurin, da man injin kwaɓi. Dakin da aka tsaya a tsakiyarsa ana jiran mota, ta wannan layin zai yi yoyo.

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke kai maki 40, a fara bayan sallar asuba. A guji ranar Juma'a in aikin ba zai ƙare kafin azahar ba. A cuccusa kankaren da injin girgiza ko da sanda, musamman a ginshiƙai, don kada ya fito da ramuka.

Ban ruwa

Kankare ba bushewa yake so ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. A jiƙa shi aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma sai wajen kwana 28 yake cika. Iskar hunturu maƙiyiya ce a nan: sanyi na sa mutane su ɗauka ba a buƙatar ruwa, alhali tana zuƙe danshi cikin awoyi. A kewaye dakin da ɗan kwaɓi a tara ruwa a kai, ko a rufe da buhunan algarara a riƙa jiƙawa. A ba yaro ɗaya wannan aikin shi kaɗai, da ladansa. Katakon gefen ginshiƙi yana fita bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokarar dakin ta zauna kwana 21, sai in injiniya ya ce wani abu. Kafinta zai matsa yana son katakonsa don wani aiki. Kada ka ba shi.

In an kai rufi, a ɗaure katakon da ke kan bango da ƙarfe ko waya mai kauri da aka binne cikin kankare. Guguwar farkon damina ba ƙusa kaɗai take cirewa ba, rufin take ɗagawa gaba ɗaya.

Littafi da mutane

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowace rana shafi ɗaya: kwanan wata, waɗanda suka zo aiki, kayan da suka shigo, waɗanda suka fita daga sito, aikin da aka gama, kuɗin da aka biya da sa hannun mai karɓa ko dangwalensa. Ka ɗauki hoton rodi da bututu da waya kafin a rufe.

Aikin jinga yana sauri amma yana son ido, aikin yini yana da tsabta amma yana jan jiki. Ko wanne aka zaɓa, a faɗi iyakarsa a gaban shaida. Kafin alƙalami kada ya wuce aikin da ke ƙasa, kuma lebura a sallame shi ranar da aka yi alkawari.

Sau da yawa birkila ya girmi foman. Kada ka gyara masa a gaban yaransa. Ja shi gefe ka ce, "Baba, zo mu sa igiya a layin nan, ina ganin kamar ya ɗan fita." Mai gida kuma in ya zo da canji, ka ce, "Alhaji, za a yi, amma bari in rubuta abin da zai ci na kuɗi da na kwanaki ka sa hannu tukuna." Canjin baki ne ke kawo yawancin rigimar ƙarshen aiki.

Ramin masai da tankin ruwa a rufe su kowace yamma saboda yaran unguwa. Mai kwaɓi ya sa takalmin roba da safar hannu, don siminti yana cin fata. Duk katakon da aka cire a zare ƙusoshinsa nan take, kuma a duba wayar lantarki da ke sama kafin a ɗaga rodi mai mita 12.

Aikin gida

1. Katanga mai tsawon mita 15 da tsayin mita 2.5, bulo nawa za ta ci? Siminti buhu nawa?
2. An ba ka buhu 5 don kwaɓin linta. Yashi kwano nawa, tsakuwa kwano nawa, ruwa jarka nawa?
3. Ɗebo yashi daga wani wurin gini a unguwarku, ka yi gwajin kwalba, ka kawo ta aji.
4. Ja layukan shafin yini ɗaya a littafinka, ka cike shi da aikin da ka gani da idonka a wannan mako.