Ku fara darasin masana'antu da audugar Jazira

Malaman tarihi 'yan uwa a Sudan, in za ku koyar da juyin juya halin masana'antu, ku shiga aji da damin auduga kaɗan, da mazari, da ƙyallen yadi. Kuɗin kwafin hotuna ya huta.

Ku ba ɗalibi ɗaya mazarin ya gwada kaɗi. Minti biyar, zaren da zai fitar bai kai kamu ɗaya ba, ga tsinkewa. Sannan ku miƙa masa yadin, ku tambayi aji: wa ya kaɗa wannan, kuma ina masu kaɗin hannu suka koma?

Daga nan ku tafi Manchesta ta Ingila. Injuna sun janyo mutanen ƙauye zuwa birni, har yara suna aiki a masaƙu. A 1833 wata dokar Ingila ta hana ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 9.

Sai ku dawo gida. An kammala dam ɗin Sinnar a 1925 don noman rani a yankin Jazira na Sudan, audugar kuma masaƙun Lankashaya, yankin da Manchesta take, ake kai wa a lokacin. Hausawa da Fulani da yawa sun yi ƙwadagon tsinta a gonakin nan. Ɗalibi ɗan garin Mai Wurno, da ke kusa da Sinnar, ba ya buƙatar dogon bayani, ya tambayi kakarsa kawai. Shi ya sa darasin ke zama a kai.

Amma dabarar tana cin lokaci. In jarrabawa ta matso, ku koma kan shekaru da sunaye.

Kuma ku duba ajinku tukuna. In akwai yaran da yaƙi ya koro daga Wad Madani, babban birnin Jazira, kada ku tilasta musu ba da labarin gida. A maimakon haka, ku ɗauki misalin ma'aikatan jirgin ƙasa na garin Atbara.