Raba Duniya Gabas da Yamma: Inda Ɗalibai Ke Tuntuɓe

Ka ce wa ɗalibin labarin ƙasa ya raba duniya gida biyu, nan take zai nuna ikwaita. To, ita arewa da kudu take rabawa. Gabas da yamma aikin layukan tsaye ne, waɗanda suke tashi daga ƙuryar arewa su dire a ƙuryar kudu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton layin Girinwich, mai digiri 0, wanda ya bi ta unguwar Girinwich a Landan, shi kaɗai ya tsaga duniya. Rabin zobe ne kawai. Sai an haɗa shi da na digiri 180, wanda ya bi ta tekun Pasifik, sannan zoben ya cika. Kuma kowane layin tsaye, in aka haɗa shi da na bayansa, haka zai raba duniya daidai wa daida. Girinwich zaɓin mutane ne: wakilan ƙasashe 25 suka zauna a Washinton a 1884, mafi rinjaye suka amince da shi, Faransa kuwa ta ƙi kaɗa ƙuri'a, ta riƙe layinta na Paris na wasu shekaru. Har yau wasu masu zana taswira sun fi son digiri 20 yamma da 160 gabas, don kada su yanka Afirka biyu.

Sai cakuɗa taswira da siyasa. "Ƙasashen Yamma" da ake ji a rediyo daban, rabin duniya na yamma daban. Jamus da Italiya a rabin gabas suke, tare da Nijeriya. Senegal da Gini kuwa a yamma. Ghana ma layin ratsa ta ya yi, ta garin Tema, ya bar Accra a ɓangaren yamma.

Layin sauya kwanan wata ma ba shi ne digiri 180 ba, ko da yake kusa suke tafiya. Yana karkacewa don kada ƙasa ɗaya ta kwana a ranaku biyu. Kiribati ta tura shi gabas sosai a 1995.

Wajen rubutu kuma, kada a bar lamba tsirara, a faɗi gabas ce ko yamma. A taswirar waya, lambobi biyu ke nuna wuri, kuma alamar ɗebewa a gaban lamba ta biyu tana nufin yamma. Dakar tana wajen digiri 17 yamma. Wanda ya manta alamar, waya za ta kai shi cikin ƙasar Chadi.